Darasi na 9: Salon Masana'anta a Tsarin Cikin Gida

A yawancin gidajen da muke ginawa yanzu, aikin ƙarshe aikin ɓoyewa ne. Birkila ya jera bulo, a bi shi da filasta. Mai wayarin ya fasa bango ya binne bututunsa, mai aikin famfo ya binne nasa. A kawo silin a rufe katakon rufi, a shimfiɗa tayil a rufe daɓe, daga ƙarshe fenti ya zo ya lulluɓe aikin kowa. Salon da za mu duba a wannan darasi ya juya wa wannan tsari baya. A cikinsa ana barin jan bulo tsirara, ginshiƙin ƙarfe yana tsaye a tsakiyar falo, bututun wayar lantarki yana bin bango kowa na gani. Shi ake kira salon masana'anta, saboda a cikin tsofaffin masana'antu aka haife shi.

Abin da ake so ɗalibi ya fita da shi daga darasin shi ne ya san inda salon ya fito, ya gane kayan da ake yin sa da su, sannan ya iya bambanta ɗakin da aka bar ƙashinsa a fili da gangan da ɗakin da kuɗi suka yanke wa mai shi kafin a gama. Wannan na ƙarshe ya fi sauran wuya.

Inda abin ya faro

Masana'antun ƙarni na 19 ba don kyau aka gina su ba. Masaƙun Ingila sun sha fama da gobara, domin auduga da man inji da fitilar wuta ba sa zama lafiya a ɗaki ɗaya. Wannan ne ya sa magina suka fara maye katako da ƙarfe, kuma masaƙar Ditherington da ke garin Shrewsbury, wadda aka gina a 1797, ita ake ɗauka a matsayin ginin farko da ƙarfe ya riƙe duk ƙashinsa. Da ginshiƙan ƙarfe suka karɓi nauyin gini, sai aka daina buƙatar bangaye masu yawa a ciki. Aka sami fili ɗaya shimfiɗaɗɗe wanda za a jera injuna. Rufi ya yi sama domin ƙafafun inji da bel su sami wurin juyawa, zafi kuma ya tashi. Tagogi suka yi girma domin hasken rana shi ne fitilar ma'aikaci. Ku lura da wannan: duk siffofin da ake yabawa a yau, wato faɗi da tsawon rufi da manyan tagogi, kowace da aikin da take yi tun asali.

Zama a cikin irin waɗannan gine-gine kuwa, a birnin Niyok na Amurka ya yi suna, musamman a unguwar SoHo da ke kudancin Manhattan. Tsakanin shekarun 1850 da 1880 an cika unguwar da benaye masu hawa biyar ko shida waɗanda fuskarsu ta ƙarfen zubi ce. A maƙera ake zuba sassan, a kawo a ɗaure da noti, a yi musu fenti su yi kama da dutse. Ɗaya daga cikinsu, ginin Haughwout na 1857, shi ne wanda kamfanin Otis ya fara sa wa lifta mai ɗaukar mutane. Hawa guda yakan kai ƙafa 25 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, babu bangon tsakiya ko ɗaya. Irin wannan hawa ake kira lof.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka fara ƙaura. Sabon tsarin aiki yana son gini mai hawa ɗaya a bayan gari, inda babbar mota za ta shiga ta juya, ba lungun da sai an yi ta hawa da kaya a lifta ba. Wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna bayan da masaƙu suka rufe ya san yadda wuri ke komawa idan injuna suka yi shiru. A SoHo abin da ya rage shi ne masu tara tsumma da tsohuwar takarda da ƙananan shagunan ɗinki, gobara kuma ta zama ruwan dare. Ƙari a kan haka, akwai shirin da jami'in tsara birni Robert Moses ya daɗe yana turawa na ratsa unguwar da babbar hanyar mota. Mai gini da ya san gobe za a iya rushe masa gini ba zai kashe kwabo a kan gyara ba, kuma duk wanda ya zo da 'yan kuɗin haya zai miƙa masa mabuɗi.

Waɗanda suka zo su ne masu zane da masu sassaƙa. Suna neman fili mai faɗi da haske da arha, ga shi sun samu. Matsalar ita ce doka ba ta yarda a kwana a ginin masana'anta ba. Saboda haka suka riƙa zaman ɓoye: a rufe tagogi da baƙin ƙyalle da dare kada a ga haske, a kai shara can wata unguwa, a naɗe katifa idan jami'in duba gini ya zo. Ƙofofin ba su da ƙararrawa, sai baƙo ya tsaya a titi ya ƙwala kira, mai ɗaki ya jefo masa mabuɗi a cikin safa. Tun a 1961 hukumar birnin ta fara sassautawa, aka riƙa manna alamar A.I.R. a ƙofar gini domin 'yan kwana-kwana su san akwai mai rai a hawa kaza idan wuta ta tashi.

Su waɗannan mutane ba salo suka zauna suka ƙirƙira ba. Ba su rufe bulo ba saboda babu kuɗin filasta. Ba su sa silin ba saboda gidan ba nasu ba ne. Teburin aikin da tsohon mai masana'anta ya bari shi ya zama teburin cin abinci, fitilar da ke kan inji ta zama fitilar karatu. Mai zane Andy Warhol ya sa an lulluɓe bangon ɗakin aikinsa da ke titi na 47 da takardar alminiyam da fenti mai ruwan azurfa a 1964. Donald Judd kuwa ya sayi bene mai hawa biyar a lamba 101 ta titin Spring a 1968, kan kuɗin da bai kai dala 70,000 ba, ya ware wa kowane hawa aikinsa, nan ci, nan aiki, nan kwana, kuma ya ƙi taɓa jikin ginin sai kaɗan. Gidan yana nan, an buɗe shi ga masu ziyara a 2013.

Yadda larura ta koma yayi

An jingine shirin hanyar a 1969. A 1971 aka gyara dokar tsara birni ta ba masu zane da hukuma ta tantance damar zama a lof, a 1973 aka ayyana unguwar a matsayin wurin tarihi da ba za a rushe ba, a 1982 kuma jihar Niyok ta yi dokar da ta kare masu haya a irin waɗannan benaye. Daga nan mujallu suka shigo da kyamara. A 1978 Joan Kron da Suzanne Slesin suka fitar da littafin High-Tech, wanda ya nuna wa masu gida yadda za su sayi kantocin sito da fitilun masana'anta da teburan asibiti su sa a ɗaki. Shekara guda kafin nan an buɗe Cibiyar Pompidou a Faris, wadda Renzo Piano da Richard Rogers suka zana. Su ba barin bututu a fili kaɗai suka yi ba, fito da su suka yi waje gaba ɗaya suka shafa musu launi: shuɗi na iska, kore na ruwa, rawaya na lantarki, ja na hanyoyin hawa da sauka. A Landan ma aka mayar da rumbunan bakin kogin Thames gidajen zama a shekarun 1980, a Manchesta tsofaffin masaƙu suka bi sahu daga baya.

Ƙarshen labarin ba mai daɗi ba ne ga waɗanda suka fara. Da masu kuɗi suka gane wurin, haya ta tashi, masu zanen da suka share ɓeraye suka kwashe komatsansu suka ƙara gaba. Masaniyar zamantakewa Sharon Zukin ta bi diddigin wannan a littafinta Loft Living na 1982. Yau SoHo na cikin unguwanni mafi tsada a Amurka. Har ta kai ana gina sabon gida fil, a kashe kuɗi domin ya yi kama da tsohon sito.

Kayan da ake yin sa da su

Bango shi ne farkon abin da ido ke kamawa. Na asali jan bulo ne, wato ƙonannen bulon laka, wanda kowane guda yake da ɗan bambancin launi da ɗan uwansa. Ana goge shi da burushin waya, a cike layukan simintin da suka zube, sannan a shafa ruwan kariya marar sheƙi domin ya daina zubar da gari. Bango ɗaya ya isa a ɗaki. Idan aka bar huɗun duka, ɗakin zai yi duhu, domin jan bulo yana shanye haske. Sauran bangayen akan ba su fari ko ruwan toka.

Daɓe iri biyu ne: ko kankare da aka goge da inji har ya yi santsi, ko tsohon katako mai faɗi da ke ɗauke da tabon aiki. Kankaren yana buƙatar a yanka masa layukan tsaga tun yana sabo, in ba haka ba zai tsage a inda ya ga dama. Sannan dole a shafa masa abin toshe ƙofofinsa, domin ɗanyen kankare yana shan mai da miya ya riƙe har abada.

Ƙarfe kuwa baƙi ake so ko mai ruwan toka, ba mai ƙyalli kamar zinari ba. Shi ne ƙafar tebur, shi ne firam ɗin taga, shi ne matakala. Amma ƙarfe kaɗai sanyi gare shi a ido da jiki, shi ya sa kusan ko'ina za ku gan shi haɗe da katako mai kauri. Wannan haɗi na baƙin ƙarfe da katako mai ruwan ƙasa shi ne zuciyar salon, kuma wanda ya iya shi ya ci rabin darasin. Launukan ɗakin daga jikin kayan suke fitowa: toka daga siminti, ja daga bulo, baƙi daga ƙarfe, ruwan ƙasa daga katako da fata. In za a ƙara wani launi mai ƙarfi, guda ɗaya ya wadatar.

Akwai wasu kayan ɗaki da suka zama tambarin salon, kuma kowanne ma'aikaci ne kafin ya zama ɗan kwalliya. Kujerar Tolix, wadda Xavier Pauchard ya fitar a garin Autun na Faransa a 1934, ta farantin ƙarfe ce da aka tsoma a tutiya don kada ta yi tsatsa. Ramukan da ke mazauninta na tsiyayar ruwan sama ne, domin a ƙofar gidajen shan gahawa take kwana, kuma ana iya ɗora wata kan wata. Kujerar Emeco ta 1944 ta alminiyam ce, an yi ta ne don jiragen sojan ruwan Amurka, inda gishirin teku ke cinye ƙarfe. Fitilar Jieldé, wadda Jean-Louis Domecq ya ƙera a Lyon a farkon shekarun 1950, tana da gaɓoɓi da ake lanƙwasawa ba tare da waya ta murɗe a ciki ba, saboda makaniki ya kai haske daidai inda hannunsa yake. Farin tayil mai inci 3 da inci 6 da ake jerawa a kicin daga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok ya fito, waɗanda aka buɗe a 1904. An zaɓe shi ne domin yana wankuwa kuma yana mayar da haske.

Sai ƙwan lantarki mai zare a fili, wanda ake ratayawa ba murfi. Na asali mai zaren wuta ɓarna ne, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zafi take zama. Yanzu akwai na LED mai kama da shi. A nemi wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa, shi ne mai haske ja-ja. Kuma kada a rataye shi daidai idon mai zama.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da jabu. Kasuwa cike take da takardar bango mai hoton bulo, da bututun da ba ya ɗauke da komai, da katakon da aka yi wa tabon ƙarya da guduma. A ganina waɗannan sun saɓa wa ainihin abin. Salon da ya ginu kan kada a ɓoye komai, in aka yi shi da hoton bulo, an koma ɓoyewar da aka gudu, har da ƙarin ƙarya a kai. Bangon siminti da aka yi wa shafe mai kyau ya fi takardar nan mutunci.

Abin da tsohon gini da tsohon kaya ke ɗauke da shi

A garin Hoboken na jihar New Jersey wasu masu zane sun haɗa kuɗi sun sayi tsohuwar masana'anta suka mayar da ita gidaje. Ana cikin gyara a 1995 aka tarar da zaiba kwance a ƙarƙashin katakon daɓe, domin a da fitilu masu zaiba ake yi a wurin. Gwaji ya nuna ta shiga jikin mazauna, har da yara. A farkon 1996 aka kwashe su, daga baya aka rushe ginin. Kafin a zauna a tsohuwar masana'anta, tambayar farko ita ce me ake yi a cikinta a da.

Tsohon fenti ma abin tsoro ne, domin da yawansa akwai dalma a ciki. Amurka sai a 1978 ta hana amfani da irinsa a gidaje. Mutanen Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinari ta fito. Kada a goge tsohuwar ƙofar ƙarfe ko tsohon kabad da samfefa a busasshe a inda yara ke wasa. Haka tsohon silin da kwanon asbestos: ba a fasa su, ba a huda su. Katakon dakon kaya da ake yin tebur da shi kuma, a duba hatimin jikinsa. HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, wannan ba laifi. MB na nufin da guba aka yi masa turare, wannan a bar shi a waje.

In za a yi shi a nan

Abu na farko da za a cire daga rai shi ne cewa wannan salo hanya ce ta gudun kashe kuɗi. Filasta kamar babbar riga take, komai ramar mutum tana rufa masa asiri. Idan aka ce babu ita, to dole layin bulo ya miƙe, kaurin siminti ya zo ɗaya daga sama har ƙasa, kankaren dakin ya fito sumul daga cikin katakon zubi, walda ta zama an goge ta, bututun waya ya tafi a kan ma'auni da maɗauri a tazara ɗaya. Mai aikin da ya saba cewa "filasta za ta gyara" ba shi da mafaka. Ka gaya masa tun ranar farko cewa aikinsa a fili zai zauna, kuma ka shirya biyan sa fiye da yadda aka saba.

Bulon siminti da yashi da muke gini da shi ba jan bulo ba ne. Yana shan ruwa, yana zubar da yashi, kuma idan aka bar shi haka ba abin da yake nunawa sai ginin da aka tsaya. Wanda yake son bangon bulo sai ya nemi ƙonanne, ko ya yi shafen siminti mai laushi ya bar launinsa.

Sai yanayi. A Niyok babbar taga alheri ce, domin suna neman rana. A Sakkwato ko Damagaram taga mai faɗi da ke kallon yamma azaba ce daga azahar zuwa magariba. A fuskantar da ita arewa ko kudu, a yi mata rumfa. Cire silin a ƙarƙashin kwano kuskure ne babba, sai fa in an shimfiɗa abin tare zafi a jikin kwanon. Tsawon rufi da daɓen kankare kam sun dace da mu, suna rage zafi. Lokacin hunturu kuma kowane bututu da kowace buɗaɗɗiyar kanta matattarar ƙura ce, don haka a rage yawansu, kwanuka su shiga kabad mai ƙofa. Ɗaki mai kankare da ƙarfe yana amsa kuwwa. Maganinsa darduma mai kauri, labule, gwado ko luru a rataye a bango, da tum-tum na fata, waɗanda duk muna da masu yin su.

Wayar lantarki ba wurin gwaji ba ce. Barin ta a fili yana nufin a cikin bututu, kuma in bututun na ƙarfe ne dole a haɗa shi da wayar da ke kai wuta ƙasa, haka ma duk fitila mai jikin ƙarfe. Kayan ƙarfen da mai walda ya yi a fara shafa musu jan fentin kariyar tsatsa kafin baƙi, a kuma kashe kaifin kusurwoyi saboda yara. Bango kuwa ba a rushe shi don neman fili sai injiniya ya tabbatar ba ya ɗauke da nauyi.

Akwai kuma abin da ya fi siminti zurfi. An tsara lof ne don mutum ɗaya ko biyu, gado da murhu da wurin baƙi duk a fili guda. Gidan Bahaushe a kan sutura aka gina shi, daga zaure zuwa tsakar gida zuwa ɗaki, kowane mataki da wanda aka yarda ya taka shi. Saboda haka ɗauko tsarin gaba ɗaya ba zai zauna ba a gidan iyali. Inda ya fi dacewa shi ne falon baƙi, ɗakin karatu, shagon ɗinki, wurin aski ko gidan abinci. Idan ana son raba fili ba tare da an kashe haske ba, a yi shinge na firam ɗin ƙarfe da gilashi mai hazo. Barin ƙashin gini a fili kuwa ba baƙonmu ba ne. Wanda ya ɗaga kai a tsohon soro ya ga azara a jere, an gicciya ta da tsari, ita ce mai ɗaukar rufi kuma ita ce ado.

Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaki ɗaya da ya sani, ya auna tsawonsa da faɗinsa da tsayin rufinsa, ya rubuta inda tagoginsa ke kallo. Sannan ya bi bango da daɓe da rufi ɗaya bayan ɗaya ya rubuta abin da ke ƙarƙashin abin da ido ke gani, da ko aikin ya yi kyawun da za a iya barin sa a fili.

Bayan haka ku kasu uku-uku ku je wurin mai walda da kafinta. Ku tambayi kuɗin tebur mai ƙafar ƙarfe da saman katako mai kaurin inci 2, sau biyu: na farko da walda yadda aka saba, na biyu da walda gogaggiya da fentin kariya. Ku kawo farashin biyu aji mai zuwa, tare da amsar waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne dalilai ne suka sa hayar benayen SoHo ta faɗi a shekarun 1960?
2. Me ya sa kujerar Tolix take da ramuka a mazauninta?
3. Wani ya ce zai cire silin ɗin ɗakinsa mai rufin kwano domin ya yi kama da masana'anta. Wace shawara za ka ba shi?